Harafi Ko Lamba: Yadda Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa Na New York Suka Samo Sunayensu

A watan Afrilun 2025 hukumar sufuri ta MTA ta fito da sabuwar taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin New York, karo na farko da aka yi wa taswirar babban garambawul tun 1979. Zane ya canza, sunayen jiragen kuwa suna nan yadda suke, kuma su ne ke ɗaure wa baƙo kai. Lambobi sun tashi daga 1 sun tsaya a 7. Haruffa sun fara lafiya lau daga A har G, sai suka yi tsalle zuwa J, L, M, N, Q, R, W da Z. Babu H, babu I, babu K, amma ga S har guda uku a wurare daban-daban. Birni ne mai tashoshi 472, jiragensa na aiki dare da rana, don haka mutum zai zaci wani kwamiti ne ya zauna ya tsara sunayen a zama ɗaya. Ba haka aka yi ba. Gado ne na kamfanoni uku da suka yi shekaru suna kishi da juna kafin a tara su a gida ɗaya.

Layi daban, jirgi daban

Kafin a shiga tarihi, akwai kalmomi biyu da ake yawan cuɗawa. Layi shi ne dogon kansa da ramin da aka shimfiɗa shi, kuma yawanci sunan titi ko unguwa yake ɗauka: layin Babban Titi na 8, layin Lexington, layin Brighton, layin Flushing. Harafi ko lamba kuwa sunan tafiya ne, wato hanyar da wani jirgi yake bi daga tashar farko zuwa ta ƙarshe. Jirgi ɗaya kan hau layi uku ko huɗu kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa, layi ɗaya kuma kan ɗauki jirage uku ko huɗu. A ƙarƙashin Babban Titi na 8, alal misali, A da C da E ne ke bi, sai sun fita daga tsakiyar Manhattan kowa ya kama gabansa.

Abu na biyu shi ne yawancin manyan layukan Manhattan dogo huɗu ne a jere. Biyu na jirgin da ke tsayawa a kowace tasha, biyu na jirgin da ke tsallake ƙananan tashoshi ya tsaya a manya kawai. A nan za a kira na farko jirgin tasha-tasha, na biyu jirgin tsallake. Wannan bambanci shi ya haifi rabin rikicin sunayen.

Kamfanoni uku a gari ɗaya

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a New York ya fara aiki ranar 27 ga Oktoban 1904, daga ofishin magajin gari zuwa Titi na 145. Birni ne ya biya kuɗin ginin, amma wani kamfani mai zaman kansa, IRT, wanda attajiri August Belmont ke jagoranta, shi ke tafiyar da shi. Kuɗin shiga senti biyar. A ƙetaren kogi kuma, a Brooklyn, akwai kamfanin BRT mai jiragen da ke tafiya a kan gadojin ƙarfe bisa tituna. A 1913 birnin ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin biyu a lokaci guda don faɗaɗa layuka, abin da ya ba BRT damar shigowa tsakiyar Manhattan ta ƙarƙashin titin Broadway.

BRT bai daɗe ba ya shiga uku. Ranar 1 ga Nuwamban 1918 wani jirginsa ya kauce daga dogo a kusa da titin Malbone, mutum fiye da 90 suka mutu. Kamfanin ya karye, aka sake masa tsari a 1923 da sabon suna, BMT.

Magajin garin wancan lokaci, John Hylan, ba ya ga maciji da kamfanonin biyu. Shi ya dage cewa birni ya gina nasa jirgin, ya kuma tafiyar da abinsa da kansa. Wannan shi ne IND, wanda layinsa na farko ya buɗe ranar 10 ga Satumban 1932 a ƙarƙashin Babban Titi na 8. An shimfiɗa wasu layukansa daf da na 'yan kasuwar da gangan, don ya janye musu fasinja. A ɗaya gefen kuma yarjejeniya ta ɗaure kamfanonin a kan senti biyar, komai tsadar kaya, babu ɗan siyasar da zai yarda a ƙara. A watan Yunin 1940, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, birnin ya saye IRT da BMT a kan kuɗi sama da dala miliyan 300. An haɗa gida, amma kowa da tukunyarsa.

Faɗin tarago ne ya raba su

Abin da ya hana a narka su gaba ɗaya ba siyasa ba ce, awo ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo iri ɗaya ce a ko'ina, amma jikin taragun ya bambanta. Taragon IRT faɗinsa bai kai ƙafa 9 ba, tsawonsa kamar ƙafa 51, domin an auna tsofaffin ramukansa da lanƙwasar dogonsa da girman ƙananan jiragen kan gada na farkon ƙarni. Taragon BMT da na IND faɗinsa ƙafa 10 ne, tsawonsa ƙafa 60, wasu ma 75. Da IND zai gina nasa, awon BMT ya ɗauka.

Sakamakon haka, babban tarago ba zai shige tashar IRT ba, zai gogi dakalin da fasinja ke tsayawa. Ƙaramin tarago zai iya bin dogon manya, amma idan ya tsaya sai a sami gibi tsakanin ƙofa da dakali wanda ƙafar mutum za ta iya faɗawa. Saboda haka har yau hukumar tana da sashe biyu. Duk jirgin da ke da lamba ɗan gidan IRT ne, siriri. Duk mai harafi ɗan gidan BMT ne ko IND, mai faɗi. S ce kaɗai ta ƙetare wannan iyaka, domin gajeren jirgin da ke kai-komo tsakanin Times Square da Grand Central sirara ne taragunsa, ragowar S biyun kuma masu faɗi.

An taɓa sauya wa layi gida, amma sai da aka yi aikin gini. Layukan Astoria da Flushing a Queens, IRT da BMT ne suke amfani da su tare har 1949. Da aka raba, Flushing ya zauna a hannun sashen IRT, shi ne jirgi mai lamba 7 na yau. Astoria kuwa sai da aka sassake bakin dakalan tashoshinsa kafin manyan taragu su shiga, kuma yau N da W ke bin sa.

Abin da haruffan farko suke nufi

IND ne ya kawo haruffa, kuma nasa tsarin akwai lissafi a ciki. Yana da rassa uku a arewa da gabas: Washington Heights a can saman Manhattan, Concourse a Bronx, da Queens Boulevard. Yana kuma da manyan hanyoyi biyu a tsakiyar gari, Babban Titi na 8 da Babban Titi na 6, wanda ya buɗe a Disambar 1940. Sai aka ba kowane reshe haruffa biyu a jere, na farko idan jirgin zai bi ta 8, na biyu idan zai bi ta 6. A da B na Washington Heights, C da D na Concourse, E da F na Queens Boulevard. G aka bai wa layin da ke haɗa Brooklyn da Queens ba tare da ya leƙa Manhattan ba, H kuma wani gajeren jirgi a Brooklyn.

Daga nan sai ƙa'ida ta biyu: harafi ɗaya na jirgin tsallake ne, harafi a maimaice na jirgin tasha-tasha. A yana gudu, AA yana tsayawa ko'ina. Haka aka sami BB, CC, GG da HH. Wanda ya san ƙa'idar, da ya ga CC ya san Bronx za shi, ta Titi na 8 zai bi, kuma ba zai tsallake tasha ba.

Wani ɓangare na wannan lissafi yana nan da ransa. A, D, E da F har yau suna bin reshe da babban titin da aka yanka musu tun farko. B da C ne suka yi musanyar gida a 1998: C ya koma ƙarewa a Washington Heights, B kuma shi ke shiga Bronx a lokutan cunkoso.

Lambobi sun sauya uban gida

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne BMT ne ya fara amfani da lambobi, ba IRT ba. A 1924 ya raba wa hanyoyinsa lambobin da daga baya suka kai 16: Brighton 1, Babban Titi na 4 na Brooklyn 2, West End 3, Sea Beach 4, haka har Jamaica 15 da Canarsie 16. Sai dai ba kowane tarago ke da allon nuna lamba ba, don haka jama'a suka ci gaba da kiran layukan da sunan unguwa.

IRT kuwa bai damu da lamba ba duk tsawon rayuwarsa a matsayin kamfani, sunan inda jirgi zai je kawai yake rubutawa. Sai a 1948, shekara 8 bayan birni ya karɓe shi, sababbin taragu suka zo da lambobi a goshinsu: 1, 2, 3 ga jiragen da ke bin yammacin Manhattan, 4, 5, 6 ga masu bin gabas ta Lexington, 7 ga Flushing. Ke nan an yi shekaru ana da lamba 1 guda biyu a gari ɗaya, ɗaya tana zuwa Brighton, ɗaya tana hawa Broadway zuwa Bronx.

An fara warware wannan a 1960, lokacin da hukumar ta soma ba hanyoyin BMT haruffa, ta ɗora daga inda IND ya tsaya. J, K, L da M suka tafi layukan gabashin Brooklyn, N, Q, R da T suka tafi na kudanci. J ta faɗa kan Jamaica (unguwa ce a Queens, ba tsibirin ba), M ta faɗa kan Myrtle, amma babu wata dangantaka tsakanin N da Sea Beach ko Q da Brighton, jeri ne kawai ya kai su can. Tun a nan ƙa'idar IND ta fara tsagewa, domin layin Brighton yana da jiragen tasha-tasha iri biyu, mai hawa gadar Manhattan da mai bin rami a ƙarƙashin kogi. Maimakon QQ sai aka yi QB da QT, inda B ke wakiltar kalmar gada a Turanci, T kuma kalmar rami.

Haɗin 1967

Ranar 26 ga Nuwamban 1967 aka buɗe wani gajeren rami a ƙarƙashin titin Chrystie wanda ya haɗa layin Babban Titi na 6 na IND da gadar Manhattan ta BMT. Gajere ne a awo, amma shi ya mai da gidajen biyu gida ɗaya a aikace. D ya bar hanyar da ya saba a Brooklyn ya koma Brighton. BB ya zama B, ya miƙe har West End, ya haɗiye T. Aka ƙirƙiro sunaye irin su QJ, RJ da NX, waɗanda ba su bin tsohuwar ƙa'ida ko kaɗan. Kwanakin farko an sha ruɗani, fasinjoji suka riƙa tsintar kansu a unguwannin da ba su nufa ba. NX bai kai rabin shekara ba aka soke shi.

Daga wannan lokaci ne aka daidaita a kan abin da ake gani yau: lamba ta sirara, harafi na masu faɗi.

Launi da kashe tagwayen haruffa

A ƙarshen shekarun 1960 kowane jirgi yana da launinsa, kuma a kan haka mai zane ɗan Italiya, Massimo Vignelli, ya yi taswirarsa ta 1972. A 1979 aka sauya dabara: launi ya koma na babban titin da jirgi ke bi a tsakiyar Manhattan. Ja na 1, 2, 3. Kore na 4, 5, 6. Shuɗi na A, C, E. Ruwan goro na masu bin Babban Titi na 6, rawaya na masu bin Broadway, ruwan ƙasa na J, shunayya na 7, ruwan toka na L. Shi ya sa mutumin New York ba ya kiran jirgi da launi. In ka ce masa kana neman jan layi zai tambaye ka wanne, domin 1 da 2 suna ƙarewa a wurare daban a Bronx, 3 kuma a Harlem yake tsayawa.

A 1985 aka soke tagwayen haruffa baki ɗaya. CC ya zama C, GG ya zama G, LL ya zama L, RR ya zama R, QB ya zama Q. AA ba zai iya zama A ba tunda akwai mai sunan, sai aka ba shi K. Dalili shi ne ƙa'idar ta riga ta daina faɗin gaskiya, jirgi ɗaya kan yi tsallake a Manhattan ya koma tasha-tasha a Brooklyn. Abin da ya rage na nuna bambancin a jikin alama shi ne siffa: da'ira ta jirgin kullum, mai kusurwa huɗu a karkace kuma ta jirgin tsallake na lokacin cunkoso, kamar yadda ake gani a 6, 7 da F.

Waɗanda suka ɓace

I da O ba a taɓa ba jirgi ba, saboda kamarsu da 1 da 0. K ya mutu a 1988, shekarar da aka haifi Z don ya riƙa raba tashoshi da J a lokacin cunkoso. Lamba 8 ta ƙarshe ita ce ta jirgin kan gada na Babban Titi na 3 a Bronx, wanda aka rufe a 1973. Lamba 9 ta yi aiki tare da 1 daga 1989 zuwa 2005. H ya ɗan farfaɗo a ƙarshen 2012, bayan guguwar Sandy ta lalata hanyar Rockaway, ya sake kwanciya a 2013.

V da W duka a 2001 aka ƙirƙiro su, duka kuma ƙarancin kuɗi ya kashe su a Yunin 2010. W ya dawo a 2016. Labarin V ya fi nuna yadda jama'a ke riƙe harafi kamar sunan mahalla. Hukumar ta yanke shawarar haɗa hanyar V da ta M su zama jirgi ɗaya, da niyyar kiran sa V. Mazauna unguwannin da suka saba da M suka nuna ba su so, sai aka bar M, aka canza masa launi daga ruwan ƙasa zuwa ruwan goro.

Masu yabo da masu suka

Masu kare tsarin suna cewa harafi ɗaya cikin da'ira mai launi shi ne abu mafi sauƙin gani daga nesa, kuma a garin da ake jin harsuna da yawa ba sai mutum ya iya Turanci ba kafin ya gane D. Suna ƙarawa da cewa tunda jirage suna hawa layukan juna, sunan titi ba zai wadatar ba: a tasha ɗaya jirage huɗu na iya tsayawa, kowanne da inda ya dosa.

Masu suka kuma suna cewa harafin yanzu ba ya gaya wa fasinja komai, sai ya haddace. Ba ya nuna gabas ko yamma, ba ya nuna tsallake ko tasha-tasha, kuma a lasifikar tasha mai ƙara B da D, ko M da N, kusan sauti ɗaya ne. Sukan kawo misalin Landan, inda layuka ke da suna irin Bakerloo, Victoria da Jubilee, da Faris, inda lamba ɗaya ke nufin layi ɗaya. Amsar da ake ba su ita ce a Faris jirgi ba ya barin layinsa ya hau na wani, don haka suna ɗaya ya isa. Haka ma Legas, wadda ta fara da Shuɗin Layi a 2023 da Jan Layi a 2024: launi ya wadatar muddin kowane jirgi yana kan dogonsa shi kaɗai. New York ba ta da wannan sauƙin, tun ranar da ta fara haɗa ramukan kamfanoni daban-daban.

Irin wannan saɓani ne ya biyo taswira. Ta Vignelli ta fifita saukin bin layi a kan ainihin siffar gari, har ta zana lambun Central Park kusan murabba'i alhali dogo ne, mutane suka yi ta ƙorafi. Ta 1979 ta dawo da siffar tituna amma ta cika da bayanai. Ta 2025 ta koma kusa da salon Vignelli, inda kowane jirgi ke da zarensa, amma ta riƙe launukan 1979.

Abin da ya shafi fasinja

Ga mai shiga kullum, amfanin farko na sanin wannan tarihi yana fitowa ne a ƙarshen mako, lokacin gyaran dogo. Jirgi mai harafi ana iya karkatar da shi ta layin wani mai harafi, har a ga F a dogon A. Mai lamba kuma sai ta dogon wani mai lamba. Ba a karkatar da jirgin fasinja daga wannan sashe zuwa wancan, don haka idan layin 4 ya tsaya a Bronx, D da ke kusa ba zai hau dogonsa ba, fasinja ne zai taka zuwa wajen D. A tashar filin wasan Yankee da ke Titi na 161, yankin da 'yan Afirka ta Yamma da yawa ke zaune, ciki har da masu jin Hausa daga Ghana, ana ganin abin ƙarara: 4 yana sama a kan gadar ƙarfe ta IRT, B da D suna ƙasa a ramin IND.

Gasar kamfanonin ce kuma ta bar tashoshi masu suna ɗaya a warwatse. A kan Titi na 23 na Manhattan kaɗai akwai tashoshi biyar, kowacce a ƙarƙashin babban titi daban, kuma babu hanyar ƙasa da ta haɗa su. Wanda aka yi wa kwatance da sunan tasha ba a faɗa masa harafi ko lamba ba, an ba shi rabin kwatance ne. Dogayen lungunan da ake takawa a manyan tashoshi irin Times Square don sauya jirgi su ma daga nan suka samo asali, domin tashoshin kamfanoni daban ne aka huda bango aka haɗa. A da, fita daga na wannan zuwa na wancan sai da sabon kuɗi.

Harafin da ke jiran aiki shi ne T. An ware shi, tare da launi tsakanin shuɗi da kore, ga layin Babban Titi na 2, wanda aka fara maganarsa tun shekarun 1920. Kashin farko ya buɗe ranar 1 ga Janairun 2017, amma Q aka miƙa ya bi shi zuwa Titi na 96, kuma kashi na biyu ma Q ɗin ne zai kai zuwa Titi na 125 a Harlem. T ba zai fito ba sai an haƙa kashi na uku, wanda zai gangara kudancin Manhattan.